Me tsofaffin ma'aikatan kwamfuta suke kewa a na'urorin da?

Wani matashi da bai daɗe da kama aiki a sashen kula da kwamfutoci na wata ma'aikata ba ya aiko da tambaya. Ya ce ogansa dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, kuma da zarar an taɓo hirar kwamfutocin shekarun 1980 da 1990 sai fuskarsa ta washe, ya shiga ba da labarin DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da faifan fulofi kamar mai labarin garinsu. Shi kuwa abin yana ɗaure masa kai. Wayar da ke aljihunsa ta fi waɗancan na'urori ƙarfi nesa ba kusa ba, to mene ne abin kewa a cikinsu? Ko dai tsufa ne kawai?

Ƙanena, ni ma sa'an ogan naka ne, kuma ciwon da ke damunsa shi ke damuna, don haka zan ba ka amsa daga cikin gida.

Ta fuskar ƙarfi, gaskiyarka ce, babu musu. Kwamfutar da na fara ɗora hannu a kanta a 1989 irin samfurin IBM XT ce, amma ba ƙirar IBM ɗin ba, kwaikwayo ce. Ƙwaƙwalwarta Intel 8088 ce mai gudun megahaz 4.77, RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, kilobait 640, da ramukan fulofi biyu masu cin faifan inci 5.25, kowane faifai yana ɗaukar kilobait 360. Allonta baƙi ne, rubutu kore. Wayar da ke da RAM gigabait 4 ta ninka waccan na'ura fiye da sau 6,000 a wannan fanni kaɗai. Ko faifan fulofi na inci 3.5 da ya zo daga baya, wanda muke gani kamar rumbu, megabait 1.44 yake ɗauka, wato hoto ɗaya mai kyau na wayarka ba zai shiga cikinsa ba. Duk wanda ya ce maka waccan ta fi ta yanzu aiki, son zuciya ne ya faɗa maka.

Abin da muke kewa daban ne. A wancan zamani mutum ɗaya yana iya sanin kwamfuta ciki da bai, tun daga lokacin da ya danna makunni har rubutu ya bayyana a allo. Gaba ɗayanta tana shiga cikin kan mutum. Yau babu mai wannan, komai iliminsa.

Ga yadda safiyarmu take. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, domin ɗakin kwamfuta ba a shigarsa da takalmi. Ka yaye rigar da tela ya ɗinka wa allo da madannai saboda ƙurar hunturu. Ka duba allurar sitabilaiza ka ga wuta ta daidaita, sannan ka miƙa hannu gefen akwatin ka ɗaga babban makunni, ya ce ƙwas. Fanka ta fara huci. A kusurwar allo lambobi su fara hawa, na'ura tana ƙirga RAM ɗinta a gaban idonka har ta kai 640. Ta yi ƙara ɗaya gajeriya, alamar lafiya lau. Fitilar ramin fulofi ta kama, ka ji gurnanin faifai. A wannan ɗan lokaci mun san duk abin da ke gudana: BIOS, manhajar da ke dashe a cikin na'urar, ya gama gwajin kayan ciki, ya je ya karanto sashen farko na faifai, bait 512 cif, wannan sashe ya ɗauko IO.SYS da MSDOS.SYS, su kuma suka karanta CONFIG.SYS, aka loda COMMAND.COM, aka bi umarnin da ke cikin AUTOEXEC.BAT layi bayan layi. Sai ka ga A:\> da ɗan layi yana ƙyaftawa, yana jiranka. Waɗannan fayiloli biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, da hannunmu muke rubuta su. Babu abin da ke aiki a cikin na'urar sai wanda ka sa shi. In ta yi nauyi ka san dalili, in ta ƙi tashi ka san a wane mataki ta tsaya.

Wannan buɗaɗɗen hali ba haɗari ba ne. Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur mai suna IBM PC a watan Agusta 1981, ya haɗa ta ne da kayan da kowa ke iya saye a kasuwa, ya kuma buga littafin bayani mai ɗauke da zanen wayoyin ciki da rubutun manhajar BIOS ɗin kanta. Daga nan kamfanoni irin su Compaq suka ƙera masu aiki irin nata, farashi ya yi ta sauka, har na'urorin suka iso mana. Mai sukudireba da haƙurin karatu yana iya zama gwani. Ka gwada buɗe wayarka ta yanzu: da gam aka liƙe ta, kuma ko ka buɗe babu abin da idonka zai karanta.

Inda ake gane gwani a lokacin shi ne wajen kokawa da kilobait 640 ɗin nan, kuma na tabbata ogan naka ya taɓa ambatarsa. Asalin abin, ƙwaƙwalwar 8088 megabait 1 kacal take iya gani. Masu ƙirar suka ware kilobait 384 na sama domin allo da BIOS da katunan da ake sokawa, suka bar 640 na ƙasa ga DOS da manhajoji. Da aka samu na'urori masu ƙwaƙwalwar 286 da 386 da 486, RAM ya ƙaru zuwa megabait 4 ko 8, amma wannan tsohuwar iyaka ba ta gushe ba, saboda manhajojin DOS a ƙasan nan suke zama. Sai ka ga na'ura mai megabait 8 ta ƙi buɗe manhaja, wai wuri bai isa ba, don direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa linzami da faifan CD da katin sauti, sun cinye ƙasan. Nan aiki yake. Ka loda HIMEM.SYS, ka bi shi da EMM386.EXE, ka rubuta DOS=HIGH,UMB, ka tura direbobi sama ɗaya bayan ɗaya, kana sauya jerinsu, domin wanda ya riga shiga yana iya toshe wa na baya hanya. Ka kashe, ka kunna, ka buga MEM ka ga nawa ka samu. Ranar da na fara haura kilobait 600 na fili a wata 386, na tashi na kira abokan aikina suka zo suka gani. Daga baya DOS 6 ya zo da MEMMAKER mai yin wannan lissafi da kansa, amma da yawanmu mun ci gaba da yi da hannu, domin sau da yawa hannun ya fi shi samo wuri.

Wanda ya tashi a wannan ƙunci ba ya iya ɓarna. Har yau in na ga manhajar da aikinta bai taka kara ya karya ba tana cin ɗaruruwan megabait, raina yana sosuwa. WordPerfect 5.1, wadda ta fito a 1989, a cikin wancan ɗan wuri take aiki, kuma da ita aka buga kundayen digiri da takardun kotu da littattafai ba adadi. Allonta shuɗi ne fayau, babu hoto ko ɗaya. In rubutu ya karkace sai ka danna Alt da F3, allo ya rabu biyu, ta nuna maka duk alamomin da ke ɓoye a ƙarƙashin rubutun, ka ga mai laifin da idonka ka goge shi. A ganina har yau ba a yi manhajar rubutu da ta girmama mai amfani da ita kamar wannan ba. Lotus 1-2-3 kuma ita ce ta akantoci, dBase ta masu ajiye bayanan ma'aikata da albashi.

Mu ma da muke wannan tutiya, yara ne a wajen manyanmu. Waɗanda suka koyi harsunan rubuta manhaja irin su FORTRAN da COBOL a jami'o'i a shekarun 1970 ba su ma zauna gaban allo ba. A kan kati mai huji suke rubuta manhaja, kowane kati layi ɗaya, mai gurbi 80. Ka haɗa katunanka ɗari biyu ko uku ka miƙa ta taga, ka dawo gobe ka karɓi takarda. In ka manta waƙafi ɗaya, kwana guda ya tafi. Malamin da ya koya mini aiki ya ce sukan ja layi a karkace da alƙalami mai kauri a saman tarin katunan, don in sun zube a iya mayar da kowanne gurbinsa. Shi ya hore ni da bin manhaja da fensir a takarda kafin in taɓa madannai, kuma har yau haka nake yi in abu ya yi tsauri.

Akwai kuma sanin na'ura da kunne. Ƙara ɗaya lafiya, ƙara mai tsawo da gajeru a bayanta yawanci katin allo ne, ƙara mai maimaituwa ba tsayawa a duba RAM ko wuta. Babban faifan ciki in ya fara ƙwas-ƙwas kamar agogo, ka kwashe kayanka tun da sauran numfashi. Firinta mai allura, irin Epson LX-300, daga ƙofar gida kake jin ihunta, kuma daga sautin kaɗai ka san ko takarda ta karkace ko ribon ya bushe. Modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, in yana neman haɗuwa da layi, kukansa yana gaya maka ko za a dace ko sai an sake bugawa. Na'urorin yanzu shiru suke, in sun mutu ma shiru suke mutuwa.

Bari in ba ka labarin dare ɗaya, don shi ne ya fi zama mini a rai. Wajen 1996 ina aiki a wani shagon buga takardu. Dab da magariba wata ɗaliba ta shigo da faifan fulofi guda ɗaya a cikin jakarta, kundin kammala karatunta ne gaba ɗaya a ciki, babi biyar, aikin wata shida, kuma jibi ne ranar miƙawa. Ba ta da kwafi a ko'ina. Na sa faifan, ya yi gurnani, ya sake yi, sai allo ya rubuto tambayar nan da duk ɗan zamanin ya sani: "Abort, Retry, Fail?", wato a fasa, a sake gwadawa, ko a haƙura. Na ɗago na ga idonta ya ciko. Na ce mata, "Ƙanwata, je ki gida ki yi salla, ki dawo da safe, in Allah ya yarda ba za a rasa komai da komai ba." Ban faɗi haka don lallashi kawai ba. Na san yadda DOS yake shimfiɗa faifai: akwai tebur a farkonsa mai nuna inda kowane yanki na fayil yake, kuma teburin kwafi biyu ne. Sau da yawa teburin ne ke lalacewa, rubutun kansa yana nan kwance. Na tayar da janareta, na buɗe kayan aikin Norton, na shiga bin faifan sashe bayan sashe, ina karanta guntayen jimlolinta a allo ina kwashewa zuwa wani faifan. Kafin kiran asalatu na haɗa babi huɗu cif da fiye da rabin na biyar. Shafukan da suka salwanta tana da su a rubuce da biro, muka sake bugawa da hantsi. Da za ta tafi na ba ta faifai biyu sababbi, na ce ɗaya a jaka, ɗaya a gida, kada su taɓa kwana wuri ɗaya.

Irin wannan ilimi ne ya sa muke iya dawo da fayil da aka goge. DOS ba ya share rubutun, harafin farko na sunan fayil kawai yake maye da wata alama, ya ce wurin ya zama fili. Shi ya sa umarnin UNDELETE yake tambayarka harafin farko. In ba a rubuta wani abu a kai ba, kayanka suna nan.

Fulofi shi ne kuma hanyar cuta. Bairos na farko da ya yaɗu a irin waɗannan kwamfutoci, mai suna Brain, daga Lahore ta Pakistan ya fito a 1986, wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta shi, kuma a sashen farko na faifai yake ɓuya. Irinsa suka biyo baya, su Stoned da Michelangelo. Ba intanet suke bi ba, aljihun mutane suke bi, daga ofis zuwa shago zuwa makaranta. Rigakafinmu ɗan maɓalli ne a kusurwar faifan inci 3.5: ka tura shi rami ya buɗe, babu abin da zai iya rubutu a kai. A faifan inci 5.25 kuwa ɗan tef ake liƙawa a kan tsagar gefe. Kariya ce da kake gani da ido, kake taɓawa da yatsa.

Mu da muke buga Hausa muna da namu ciwon na daban. Tsarin ASCII da na'urorin suka zo da shi alamomi 128 ne, an yi shi domin Ingilishi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai ka buga takarda ƙofa ta koma kofa, ɓata ta koma bata. Wasu suna sa ɗan waƙafi a gefen harafi, wasu kuma sai an fitar da takarda su bi ta da biro suna lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a zamanin tafireta. Na yi wannan aiki a takarda mai shafi fiye da ɗari. A shekarun 1990 ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu lanƙwasa, Rabi'at da Abdalla, suka yaɗu a hannun masu buga littattafan Hausa, ana kwafarsu daga faifai zuwa faifai. Ranar da na fara ganin ƙ ta fito daga firinta da lanƙwasarta, ba hannu ya taɓa ta ba, na daɗe ina kallon takardar. Matsalar da ta rage ita ce in ka kai aikin wata na'urar da ba ta da salon, sai haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Tsarin Unicode ne ya kawo ƙarshen wannan, kodayake an ɗauki shekaru kafin manhajoji da madannai su bi sahu. Kai da kake rubuta ɗ a wayarka da dannawa ɗaya, ga hanyar da aka biyo.

Sai zumunci. Babu inda za ka buga tambaya amsa ta fito. Ilimi yana cikin littattafai masu kauri da ke zuwa tare da manhaja, da tsofaffin mujallu irin su Byte da PC Magazine da ke iso mana bayan watanni, da kuma kawunan mutane. In katin sauti da modem suka yi karo a kan layin IRQ ɗaya, wato layin da kati ke bi ya ja hankalin ƙwaƙwalwar na'ura, ka gwada sauya 'yan ƙananan fulogan da ke kan katin har ka gaji, sai ka hau babur ka tafi wajen wanda ya fi ka. Ka gaishe shi, ka zauna, a sha shayi, ya zana maka a bayan takarda. A gari guda duk masu wannan sana'a sun san juna. In ɗaya zai bi motar dare zuwa Legas sayen kaya a titin Otigba da ke Ikeja, sai ya zagaya ya karɓi saƙon kowa, wannan RAM, wancan fanka. Windows 95 da ta fito, a faifan fulofi 13 take zuwa ga wanda ba shi da CD, kuma mukan zauna mu biyu ko uku muna sauya faifai muna hira, gaban kowa yana faɗuwa kada na goma sha ɗaya ya ƙi karantuwa, ko a ɗauke wuta a tsakiya. Yawancin aminaina na yau a irin wannan zama na same su, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. In ka ga idon oganka ya yi laushi yana maganar 486, ba akwatin ƙarfen kaɗai yake gani ba, har da waɗanda suka zauna kusa da shi.

To, da tsufa a ciki? Akwai, ba zan ɓoye maka ba. Kowa yana son zamanin da yake da ƙarfi a jika. Kuma akwai abin da kewa take rufewa. Kwamfuta a lokacin kayan masu hali ce da manyan ofisoshi, ɗan talaka sai dai ya leƙa ta taga. Ayyukan mutane sun salwanta ba adadi saboda zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. Awannin da muka kashe muna neman kilobait 20, da an ba mu na'urar yau da mun yi wani aikin da su. Tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, har aka kai ga waya mai intanet, manomi a ƙauye da mai sayar da ƙosai sun samu abin da shugaban ma'aikata bai da shi a 1990. Ba na fatan a koma baya ko da kwana ɗaya. Abin da nake jin tsoro shi ne a wayi gari masu kula da na'urori ba su san abin da ke ƙarƙashin hotunan da suke dannawa ba, in abu ya lalace maganinsu ɗaya ne, a goge a sake lodawa. Na sha ganin an share bayanan mutum na shekaru a kan matsalar da minti goma na bincike zai warware.

Kuma waccan tsohuwar na'ura ba ta mutu ba, tana nan a cikin wadda ke kan teburinka. Babban faifanka sunansa C saboda A da B na ramukan fulofi biyu ne. Hoton da kake dannawa don adana aiki, faifan inci 3.5 ne. Gwada buɗe sabon fayil a Windows ta hanyar da aka saba ka sa masa suna CON, za ta ƙi, domin tun zamanin DOS an keɓe wannan suna ga allo da madannai. Ƙwaƙwalwar Intel ko AMD da ke cikin kwamfutarka daga zuriyar 8086 ta 1978 take.

Ga abin da nake so ka yi a wannan makon. Sauke DOSBox ko FreeDOS, masu ba ka damar aiki da DOS a yau, duka kyauta ne, ka ɗora a kwamfutarka. Bayan an tashi daga aiki ka je wajen ogan naka ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so ka nuna mini yadda kuke rubuta AUTOEXEC.BAT." Ka ja masa kujera, ka miƙa masa madannai, ka zauna a gefe da takarda da biro. In ya buga DIR ya danna, jerin sunayen fayiloli ya fito, ka tambaye shi dalilin da ya sa sunan fayil ba ya wuce harafi 8 da ɗigo da wasu 3, daga nan ka bar shi ya yi ta magana.